Ranar da Tello Direban Ministoci Ya Shiga Layin Kaza

Ƙanena Eleuterio, wanda kowa a unguwarmu ta Luyanó ke kira Tello, ministoci huɗu ya tuƙa a zamanin tsohon Shugaba, kuma ko fitilar mota bai taɓa fasawa ba. Ni na goya shi, don haka in na faɗi nasa ba mai cewa sharri na yi masa.

Tun yana ɗan mitsitsi mota ce ciwonsa. Babanmu ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa ta Havana, ya so yaron ya gaje shi, yaro ya ce shi dai sitiyari. Murfin tukunyar mamarmu ba ya zama a kan tukunya, kullum yana hannun Tello, yana zagaya tsakar gida da shi yana ƙugi da baki. A soja ya koyi tuƙi na gaske. Can wani babba ya ga yadda yake juya ƙatuwar mota a ɗan lungu, ya ce wannan a kai shi ma'aikata. Aka damƙa masa makullin baƙar mota ƙirar Lada, shi ke nan Tello ya zama mutum.

Ba ya kiran ministocinsa da suna ko a gida, laƙabi ya yi musu. Na farko Mai Taba, wanda sigari ba ta barin bakinsa, har Tello ya riƙa dawowa yana wari kamar buhun ganyen taba. Na biyu Mai Barci, da an rufe ƙofa sai minshari, a kansa Tello ya koyi taka birki kamar mai ajiye ƙwai. Ta uku mace ce, ba ta daɗe ba, abin da ya riƙe mata kawai ta hana shi jin wasan besbol a rediyo. Na huɗu shi ne nasa, Mai Agogo. Mutumin nan kowane minti sai ya duba agogo, kuma bai taɓa isa taro a kan lokaci ba. Shi ya fi daɗewa, shi ne ya san sunan matar Tello, shi ne ya taɓa aiko musu da magani lokacin da ta kwanta.

Zama da manya ya bar masa halaye. Farar rigarsa mai aljihu huɗu kullum a goge, da biro biyu a aljihun sama, alhali ni da shi duk ajinmu ɗaya a boko, suna kawai muke rubutawa da kyau. In ka tambaye shi ko a ƙara masa shinkafa da baƙin wake, sai ya gyara murya ya ce za a duba lamarin. Abincin rana a ma'aikata yake ci. Na gida kuwa, matarsa Zoila ce ke fita da jaka ta dawo da shi. Tello bai taɓa tambayar yadda kaza ke tasowa daga shago ta faɗo cikin farantinsa ba.

Wata safiya ya je ɗauko Mai Agogo, mutumin ya fito ƙofa a kayan barci ya ce yau ba fita. Washegari jarida ta ce an sauke shi. Mu nan in aka yi wa babba haka, cewa muke an sa shi shirin kayan barci, wato ya zauna gida ya huta ko ba ya so. Tello ya yi kuka a mota, shi da kansa ya faɗa min. Bai jima ba ya yi ritaya, Zoila ta rasu, ya tattaro farar rigarsa ya dawo ɗakin baya a gidana.

To a nan Migdalia ta shigo. Gidanta na kallon nawa, mijinta ya daɗe da rasuwa, ta gama aikinta a kamfanin naɗin taba. Kofin da take dafawa ya fi nawa daɗi, wannan na yarda. Kowace yamma Tello zai goge riga, ya shafa man gashi a ɗan abin da ya rage masa, ya tsallaka titi ya zauna a barandarta yana ba ta labarin ministoci. Unguwa duk ta san abin da ke kai shi. Shi kaɗai ne bai faɗa ba.

Ana nan sai 'yar Migdalia da ke aure can nesa a garin Camagüey ta matsa mata ta komo can. Gwiwoyin uwar sun lalace, ba ta iya tsayuwar layi, a can kuwa ga jikoki masu ƙafa. 'Yar ta ce ta samu mai babbar mota da zai kwaso kayan, amsa kawai take jira ranar Lahadi a waya. Migdalia ta faɗa wa Tello wannan labari ranar Alhamis, tana zuba masa kofi.

"Ba garin nake so ba," in ji ta. "In da ina da mai tsaya min a layi, me zan je yi Camagüey?"

Tello ya buɗe baki zai faɗi abin da ya daɗe yana shiryawa, abin da ya fito shi ne za a duba lamarin. Migdalia ta dube shi, ta shiga ɗaki ta fito da jaka da katinta na rabon abinci, ta ɗora masa a cinya.

"Kaza za ta iso shago ranar Asabar. Sai ka duba."

Ranar Juma'a na zaunar da shi zan koya masa yadda ake yi. Ya ɗaga min hannu, wai Yaya, mutumin da ya saba ajiye mota a tsakiyar motocin ministoci ba a koya masa tsayuwa. Na ce to, na ja bakina.

Asabar da safe ya fita fes, jaka a naɗe a hammata kamar takardun ofis. Da ya isa shagon naman bai ga layi ba. Mutane dai ga su nan birjik, wasu a gindin mangwaro, wasu a matakalar gidan maƙwabta, tsofaffi biyu sun kafa wasan domino a kan akwati, wata tana tsince shinkafa a faranti. Ƙofar shago kuwa mutum biyu kacal. Tello ya ce a ransa ashe abin da mata ke ta kuka a kai ke nan. Ya miƙe tsaye ya nufi ƙofa.

Bai kai ba unguwa ta tashi a kansa. Wadda ta fi kowa murya Yamilé ce, mai gyaran farce, kanta cike da robobin naɗin gashi.

"Kawu, mu nan zanen bango ne? Ko Ladar ce ta sauke ka?"

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce a buɗe masa ƙofar baya, babban baƙo ne. Tello ya so ya juya gida, amma jakar Migdalia na hammatarsa. Yamilé ta gaji da tsokana ta ce masa ya tambayi na ƙarshe kamar kowane ɗan Adam. Ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa kamar mai roƙon gishiri. Ta ce ba a ji ba. Ya ɗaga murya ya ce waye na ƙarshe. Ɗaya daga cikin masu domino, wani tsoho mai rawayar hula, ya ɗaga yatsa ko kallonsa bai yi ba, ya ce shi ne, kuma shi yana bayan mai jan siket. Sai a lokacin Tello ya gane layin a kan mutane yake, kowa ya riƙe na gabansa da na gaban na gabansa, don in ɗaya ya ɓace kada igiyar ta tsinke.

Can wata yarinya mai ciki ta iso ta tambayi na ƙarshe. Tello ya yi shiru yana kallon gabansa. A ma'aikata an koya musu direba ba ya amsa tambayar wanda bai sani ba, abin ya bi jikinsa. Ta sake tambaya, ta sake, har mutane suka fara waige-waige. Yamilé ta nuna shi da baki ta ce ga shi can, mai biro biyu, sirrin gwamnati yake ɓoyewa. Tello ya ɗaga hannu da sauri ya ce shi ne, yana bayan mai rawayar hula, shi kuma yana bayan mai jan siket. Yarinyar ta ce ta gode, Baba. Abin ya yi masa daɗi fiye da yadda ya zata.

Daga nan fa ya kama aiki. Jira dai sana'arsa ce, ya sha zaman mota a ƙofar taro tun rana na tsaka har ta faɗi. Idonsa bai bar rawayar hula ba, tsohon ya je fitsari ma Tello ya bi shi da kallo har ya dawo. Da wani saurayi ya zo yana raɓe-raɓe wai saƙo zai ba mai shago, Tello ne ya tare ƙofa da ƙirji ya ce a ba shi saƙon shi zai isar. Har tafi aka yi masa. Rana ta take, rigar ta jiƙe, ƙafafu sun fara magana, amma ƙofa ta matso. Mai jan siket ta shiga, mai rawayar hula na bakin ƙofa, Tello na jin ƙamshin sanyin firji a fuskarsa.

Sai ya ji wata murya a bayansa tana tambayar na ƙarshe. Murya ce da ya sha ji daga kujerar baya. Ya waiga. Mai Agogo ne. Ya tsufa, ya rame, wandon ya yi masa yawa, da 'yar jakar leda a hannu. Ashe ya komo gidan ɗansa a bayan layinmu. Kuma yadda ya yi tambayar, da ƙarfi ba kunya, ka san ya daɗe da koyo.

Tello ya rantse min bai yi niyya ba. Jikinsa ne ya riga kansa. Ya ga ya ƙame, ya ja gefe, hannun dama ya miƙe kamar mai buɗe ƙofar mota.

"Kwamared Minista, ga wuri."

Yamilé ta ce wurinka naka ne, Kawu, ka ba wanda ka ga dama, amma ko shi ko kai, layi ba ya haihuwa. Tello ya dubi jakar Migdalia, ya dubi tsohon ministan. Ya jira mutumin ya ce a'a, bar shi. Mai Agogo ya dafa kafaɗarsa ya ce Eleuterio, ka yi ƙiba, ya tambayi lafiyar Zoila, bai jira amsa ba ya duba agogo ya shige. Ba mugunta ba ce. Shi ma shekara da shekaru in Tello ya ja gefe shiga yake yi.

Tello ya koma can baya ya sake tambayar na ƙarshe. Wani mai keke ya amsa. Ya tsaya a bayansa har mai shago ya fito yana goge hannu ya ce kaza ta ƙare, sai wani zuwan.

Hanyar gida gajera ce amma ranar ta yi masa tsawo. Jaka ba nauyi, yana tafe yana hango a ransa babbar mota a ƙofar Migdalia ana loda kujerun baranda. Bai sani ba labari ya riga shi, don Yamilé gidan Migdalia ta fara zarcewa kafin nata. Ni ina bayan labulena. Migdalia na zaune tana kaɗa kujera, ba ta ce ya zauna ba. Ya ajiye jakar da katin a kan tebur, ya tsaya kamar ɗan makarantar da ya fasa tagar aji.

Ta tambaye shi bayan wa yake. Ya ce mai rawayar hula, shi kuma bayan mai jan siket. Ta ce da ya ba da wurin fa, gida ya nufa? Ya ce a'a, ya sake tambaya, mai keke ne. Ta ce har aka rufe? Ya ce har aka rufe.

Sannan ta ce marigayi mijinta sau ɗaya ya taɓa zuwa layi, aka yi masa baƙar magana ya dawo gida, bai sake ba har ya mutu. Kaza kuwa tana ƙarewa a kan kowa, ita ma ta sha dawowa da jaka wayam, wannan ba komai ba ne.

"Amma Tello, ministan nan shi zai dafa maka wake?"

"A'a."

"Shi zai shafa maka magani a baya in ya riƙe?"

"A'a, Migdalia."

"To daga yau in ka gan shi, ka gaishe shi daga inda kake tsaye. Wurin nan ba naka ba ne kai kaɗai da za ka yi kyauta da shi. Zauna, ƙafarka ta kumbura."

Ya zauna. Ta kawo masa ruwan ɗumi da gishiri a roba ya tsoma ƙafa, a kan baranda, kowa na gani, direban ministoci da wando a naɗe har gwiwa. A cikin ruwan nan yana zaune ya faɗi maganar da ya kasa faɗa tun bara. Ban ji duka ba, wata babbar mota ta wuce, amma na ga Migdalia ta rufe baki da hannu tana dariya, na gan shi yana share gumi da hular da ba tasa ba, ta marigayin ce da ke rataye a ƙusa.

Ranar Lahadi a gidana Migdalia ta yi wayar, don tata ta lalace. Na fita tsakar gida don in ba ta wuri, amma taga a buɗe take. Ta ce wa 'yarta a sallami mai mota, ba inda za ta, ta samu mai tsaya mata. 'Yar ta tambaya ko ya iya. Ta ce bai iya ba tukuna, amma ba ya gudu.

A watan Disamba za a ɗaura auren. Na riga na fara tara sukari da ƙwai na kek, na kuma faɗa wa Yamilé ita za ta yi min farce. Jiya aka ce dankali ya iso kasuwa. Kafin in ɗora kofi Tello ya fice da jaka biyu, tawa da ta Migdalia.