Akwatin da Aka Gina a Cikin Motar Maigidana

Ni dai tun ina yarinya ba ni son fita. Ko a gidanmu na Djougou sai Inna ta yi da gaske kafin in je mata kasuwa. Da aka kawo ni aure Parakou, unguwar Banikanni, sai na samu abin da nake so, tsakar gida mai mangwaro da katanga gajera wadda ake jin komai ta kanta. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, amma Allah ya ba ni kunne. Ina kan tabarmata nakan san wace maƙwabciya ce ke daka, in san doya ce a turmin ko masara. Motar maigidana kuwa tun tana kwanar masallaci nake sauke masa ruwan wanka.

Shi mutumin Nijar ne, direba, yana da tsohuwar mota famiyal mai kujera layi uku da yake jigila da ita tsakanin Parakou da Djougou. Zamanin gwamnatin juyin juya hali ne da kowa ya zama kamarad, wato ɗan'uwa a gwagwarmaya, har liman in ya shiga ofis kamarad ake ce masa. Ina ɗauke da cikin fari, ya tsufa. A wurinmu haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, kuma miji ne yake kai matarsa da kansa ya danƙa ta ga iyayenta, can za ta haihu, can za ta yi wankan jego. Inna ta aiko ta bakin masu goro cewa in taho kafin watan haihuwa ya tsaya. Ni ma abin da ke raina ke nan, don tsoron haihuwar nake ji ƙwarai, ba na son ta same ni inda ba Inna. Maigida ya ce in kwantar da hankalina, yana gama wani ɗan aiki a motar zai kai ni, mu biyu kawai ba fasinja, a hankali.

Aikin kuwa na kiɗa ne. Yana da kaset a motar da ƙananan lasifika a ƙofofi, amma kullum ƙorafinsa ɗaya, wai ganga ba ta da ciki, in makaɗi ya buga sai ka ji kamar ana ƙwanƙwasa gwangwani. Ran nan sai ga shi ya shigo rungume da wata lasifika da ya samu wurin wani da ya dawo daga Najeriya, faɗinta ya fi faifaina, bayanta da mayen ƙarfe mai nauyin dutsen niƙa. Yana ajiye ta kusa da kwandon wanke-wanke cokulana suka bi ta suka manne. Da ita da wani ƙarfe mai zafi da yake kira ampili, wanda ke ƙara wa sauti ƙarfi.

Kafintan unguwarmu, wani dattijo Bariba mai barkwanci, shi aka kira ya yi mata akwati. Suka cire kujerar baya suka jingine ta a gindin mangwaro, ni na gaje ta ina zama a kai ina kallonsu ta ƙofar gida. Kafinta ya so ya haɗa akwatin a ƙasa sannan a tura shi ciki. Maigida ya ce a'a, a tasha ko madubin mota ka bari sai ka dawo ka tarar ya yi ƙafa, a gina shi a cikin motar, daga wannan bango zuwa wancan, a huda ƙasan motar a ɗaure shi da noti.

“To shofar, ranar da za ka fitar da shi fa?” in ji kafinta, don haka ake kiran direba a nan.

“Wa ya ce maka zan fitar? Ɓarawon da ke so sai ya haɗa da motar.”

Haka aka riƙa shigar da katako fale-fale, kafinta ya duƙa a ciki kamar mai gyaran rijiya, yana shafa gam yana buga ƙusa yana tsine wa mutanen Nijar da son wahala. Mai gyaran rediyo ya zo ya naɗa wayar jan ƙarfe a jikin gwangwanin madara, wai don muryar ƙasa kaɗai ta riƙa shiga babbar lasifikar, siririyar ta tafi ga ƙananan. Suka ce sai an cusa wa akwatin abu mai laushi, maigida ya lallaɓo ya roƙe ni matasan kai na aure, aka farke su aka kwashe audugar rimin. Ban hana ba, sai dai na ce ya sani fa ya ci gadon amarya.

Ranar gwaji suka kunna, suna ta washe baki. Ni kuma daga kujerata ina jin wani abu na huci a ƙarƙashin kiɗan, kamar ana fifita wuta.

“Maigida, yana zubar da iska. Ta hagu, can ƙasa.”

Kafinta ya ce, “Amarya, ke da ke da ganga a gabanki, ina kika ga kunnen jin tamu?”

Muka yi dariya, amma ya tsinci gashin kaza ya kara a wurin, gashin ya hau rawa. Suka narka kwalta suka bi kowane lungu suka liƙe, har kan notin. Da aka sake kunnawa, wallahi ruwan randa sai da ya yi kyarma, kajina suka watse, abin da ke cikina ya yi wani juyi har na dafe kujera. Maigida ya rufe ido ya ce, “Yauwa. Ga ganga.” Na daɗe ban ga farin ciki irin wannan a fuskarsa ba. Ya ce in haɗa kayana, jibi sai Djougou.

Washegari da hantsi delege ya yi sallama. Shi ne shugaban kwamitin juyin juya hali na unguwarmu, da can goro yake sayarwa a bakin tasha, mun san shi ya san mu. Ba mugu ba ne, sai dai tun da aka ba shi muƙamin ya daina tafiya irin ta mutane. Ya ce ya ji muryar nan tun daga gidansa, kuma ga damina ta kama, an umarce su da su zagaya su kira jama'a noman auduga. Aron akwatin kawai yake so na yini ɗaya, za su ɗora a amalanke.

Maigida ya ce ai ba ya fita. Delege ya yi murmushi ya kirawo ƙarti daga bakin titi. Ina leƙe ta ƙofa suna ja suna nishi, motar na lilo, akwatin ko gezau. Suka leƙa ƙasa suka ga noti cikin kwalta. Suka auna ƙofar baya da igiya suka ga akwatin ya fi ta faɗi. Aka nemo kafinta, ya ce in ba da gatari ba, ba abin da zai fitar da shi.

“Bon,” in ji delege, yana share gumi. “Ba matsala, kamarad shofar. Tunda akwati ya ƙi fita, sai motar ta raka shi. Kai kuma ka raka motar.”

Yini ɗayan nan ya zama kullum. Aka haɗa mikro, abin magana, a jikin ampili, aka ɗaura jan ƙyalle a eriya. Da safe su fita, Albarika yau, gobe wata unguwa, jibi ƙauyukan gefen gari, sai la'asar su dawo. Layin maigida na tasha wasu direbobi suka riƙa ci. Kayana suna ɗaure a bakin gado, tabarma ma na naɗe ta, a kan buhun kayan nake zama.

Abin haushin kuma, akwatin ba na magana ba ne. Ina ji daga gida in suna zagaya unguwa, ba kalma ɗaya da ke fita, sai gum-gum kamar hadari na haɗuwa a gabas. Na ce wa maigida ya gaya wa delege ba a jin abin da yake faɗi, ko ya haƙura. Ya gaya masa. Delege ya ce ai shi bai taɓa jin muryarsa ta yi kwarjini haka ba, kuma yara na bin motar, manya na fitowa, jama'a ta taru ai an gama.

Na ce wa maigida to ya ce lasifikar ta lalace. Ya cire waya ɗaya, delege ya zo da mai gyaran rediyo, kafin shayi ya huce an mayar. Na ce ya sa gatari mana, akwatinsa ne. Ya dube ni ya rage murya, duk da mu biyu ne a ɗakin.

“Yanzu ba nawa ba ne. In na fasa shi za a ce na yi wa juyi zagon ƙasa. Ni baƙo ne a ƙasar nan, kin manta? Wanda ya fi ni gata ma an tafi da shi.”

Maƙwabta suka ce in shiga motar haya kawai. Na san yadda ake cusa mutane a cikinta, na san gudun da suke yi a kan gargadar hanyar nan ta jar ƙasa, ungozoma kuma ta ce kada a jijjiga ni. Ban da haka, matar direba ta sauka a ƙofar gidan ubanta daga motar wani, ita kaɗai da ƙunshin kaya, me za a ce a Djougou? Watan ya tsaya. Ƙafafuna suka kumbura. Inna ta sake aikowa, wannan karon ba gaisuwa a saƙon. Ni da ba na son fita, sai ga ni ina zaune ina kallon ƙofar gida kamar akuyar da aka ɗaure.

Maigida ya roƙi delege yini ɗaya tak. Delege ya ce, “Bayan gangami, kamarad. Haihuwa ai ba gudu take ba.” Matar delege ce, da na aika mata da ƙosai na kai mata kukana, ta sa baki. Sai ya zo da dabara, wai an gayyace su kasuwar Partago, tunda wajen Djougou ne, madam ta shiga a tafi da ita, in an gama taro a ƙarasa da ita gida.

Na shiga kujerar tsakiya, bayana jingine da akwatin, kayana a gefe. Delege na gaba da mikro a hannu. Maigida yana tuƙi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, delege na cewa ya taka. Duk ƙauyen da muka gani sai an tsaya, ko bukka biyar ce. Yana fara magana sai in ji ta a ƙashin bayana kafin ta kai kunnena, ta bi ta mara ta sauka har yatsun ƙafa. Na cusa bakin mayafi a kunne, bai yi komai ba, don ba ta kunne take shiga ba. Tun kafin azahar na fara jin ciwo yana zuwa yana tafiya. Na daure, ina cewa a raina saura kaɗan, ina lissafa bishiyoyin kaɗanya a bakin hanya.

A Partago kasuwa ta cika, mutane suka kewaye motar har ba a ganin ƙasa. Yara sun manna fuska a gilashi suna kallona. Ƙofata ba ta buɗuwa don jama'a. Delege ya hau kan bonet da mikro yana ta zuba. Nan faya ta fashe.

Na miƙa hannu na ja rigar maigida ta baya. Ya juyo ya dube ni, ya dubi ƙasan motar, sai kawai ya kai hannu ya fizge wayar ampili. Shirun da ya biyo baya har ƙara yake a kunnena. Delege ya leƙo a fusace, ya gan ni. In faɗi gaskiya, shi ya fara ihu a ba da hanya, da muryarsa ta mai goro, ya ce a ja mota sai Djougou.

Wata tsohuwa mai sayar da man kaɗe ta ture maza ta buɗe ƙofa, ta taɓa cikina, ta girgiza kai. Yaren Yom take yi, ni kuma Dendi na iya, Yom ɗina bai wuce gaisuwa ba, amma na gane. Ba inda za a kai ni. Mata suka kama ni zuwa wani ɗaki a bayan kasuwa, mai ƙanshin dawa da hayaƙi. Na ce wa maigida, “Je ka ɗauko min Inna.” Ya tsaya yana kallon delege. Delege ya ce, “Me kake jira? Tafi mana!”

Ban san sunan ko ɗaya daga matan nan ba. Wata ta riƙe ni ta baya, tsohuwar na gabana tana yi min faɗa cikin yaren da ba na ji, ni kuma ina kiran Inna. Kafin la'asar na haifi 'ya mace, ƙarama, mai ƙarar kuka.

Rana ta yi sanyi sannan na ji motar tana tahowa, da gudun da ban taɓa jin ya yi ba. Inna ta shigo da zani a karkace, takalmi a hannu. An riga an yanke cibi, an wanke yarinyar an naɗe ta a zanen wata. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dube ni a kan tabarmar mutane. Sannan ta durƙusa ta gaishe da tsohuwar hannu biyu, ta karɓi jikarta ta duba ta tun daga kai har ƙafa.

“Sannu,” ta ce da ni. “Kin yi ke kaɗai.”

Na fashe da kukan da ban yi ba lokacin naƙudar. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta leƙa waje ta ce wa maigida ya daina tsayuwa kamar turke, ya nemo itace da babbar tukunya, a nan za a fara wankan.