Dawar da Ta Yi Tsiro a Gwandu

Akwai wani yini a Gwandu da ba zai fita daga raina ba har in koma ga Ubangiji. Yanzu da furfura ta cika mini kai, in na rufe ido bayan sujada nakan ji ƙamshinsa tun kafin in ga hotonsa.

Lokacin ba a ƙirƙiro jihar Kebbi ba tukuna. Mu mutanen ƙasar Zuru ne, aikin maigidana na malamin gona ya kai mu Kalgo. A can Ubangiji ya raba shi da giya, bayan shekarun da ba na son tunawa. Ba mugun mutum ba ne, amma in ya sha sai ya zama baƙo a gidansa, yara su laɓe a bayana. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, tana tare da mu. A ƙauyenmu babu macen da ta kai ta iya dafa burkutu. Da ta karɓi Yesu ta kife tukwanenta, ba ta sake ba.

Tsakiyar damina aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Gwandu. Muka loda kayanmu a akori-kura, har da buhunan dawar da muka noma bara. A hanya ruwa ya kece, tamfol ɗin motar kuwa duk huda. Muka iso jiƙe sharkaf, sama kuma ta ƙi buɗewa kwana da kwanaki. Ranar da rana ta leƙo muka kwance buhunan, sai ga dawa ta yi tsiro, kowace ƙwaya da ɗan farin wutsiyarta.

Na gwada tuƙa tuwo da ita, ya ƙi kamawa, ya tsinke kamar kunu. Muka shanya sauran a tabarmi. Gidan ya cika da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, mai sa mutum kasala. Na ga Inna ta tsuguna, ta cusa hannu cikin dawar har wuyan hannu, ta lumshe ido. Ta daɗe a haka. Ina jin ba a Gwandu take ba, tana can gindin duwatsun garinmu, da ƙuruciyarta da tukwanenta, mutane na kiran sunanta.

"Ɗiyata," ta ce, "ko ni da na jiƙa da gangan ban taɓa samun tsiro mai kyau haka ba."

Na ce, "Inna, mu zuba wa kaji."

"Kaji nawa gare ki? Abinci ne fa. Zubar da abinci ma zunubi ne." Ta kawar da kai. "Ba don gidan nan zan dafa burkutun ba. Akwai mutanenmu masu aikin hanya, sai a aika musu."

Ni ba mai yawan magana ba ce, kuma suruka ba a ja da ita. A Kalgo muna da 'yar majami'armu da zumuntar mata, da zan ruga wurin matar fasto. A nan ba mu san kowa ba tukuna.

Inna ta niƙa, ta dama, ta dafa a babbar tukunyar da muke tara ruwa. Hannunta bai manta komai ba. Ta fi kowane lokaci fara'a, har da 'yar waƙa a hanci. Maigidana kuwa ya riƙa samun dalilin bi ta madafa, shi da bai san inda muciya take ba.

Abu ɗaya ya rage. Ruwan tsiro ba ya zama giya sai an zuba masa ragowar tsohuwar giya ya tashi, in ba haka ba ruwa ne mai zaƙi kawai. A Gwandu kuwa ba a samun wannan. Da safe maigidana ya ce, yana kallon ƙasa, "Inna, na san wata rumfa can bakin hanya inda baƙi ke zama. Bari in samo miki."

Ta miƙa masa ƙaramin galan ba tare da ta ɗago ba. Na bi shi har ƙofa.

"Baban yara..."

"Saye kawai zan yi, ba zama ba," ya ce. Amma na ga maƙogwaronsa ya motsa. Na san wannan motsin.

Ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa har ta ɓace. Na dawo na tarar da Inna tsaye da muciya a hannu, tana kallon ƙofa. Ita ma ta gane. Fara'ar nan duk ta zube.

"Ni na aike shi," ta ce a hankali. "Da hannuna."

Ta zauna a kan turmi. Can ta ce, "Ɗiyata, ke da kika yi yaƙi da jahilci, karanta mini wurin nan da ake karanta mana a Kalgo. Na jiki da Ruhu."

Na ɗauko Littafi Mai Tsarki, na bi da yatsa, ina tuntuɓe a kan dogayen kalmomi. Wurin yana koya mana cewa jiki da Ruhu kullum suna ja-in-ja a cikin mutum, kuma wanda ke tafiya da Ruhu ba zai biya wa jiki buƙatarsa ba. Inna ta sa na maimaita.

"Tafiya aka ce," in ji ta. "Ba a ce tsayuwa ba. Ni tun da na kife tukwane tsaye nake a kansu ina gadi. Tashi, kawo gero."

Ban gane ba sai da ta ce in kawo citta da kanumfari. Muka surfa gero, muka niƙa, ta dama gasara, ta tsiyaya ruwan tsiron nan a ciki tun bai yi tsami ba. Ashe abin da ke zama giya shi ne ke sa wa kunu zaƙi, in ba a bar shi ya tashi ba. Muna aiki muna rera waƙoƙin zumunta, muryarta na rawa, tawa na bin ta. Ba mu ambaci sunan maigidana ba, amma kowace waƙa addu'a ce a kansa. Hadari ya taso ya wuce bai zubar ba, haske ya riƙa sauyawa a bangon gidan, ni kuwa ji nake kamar a mafarki nake motsi.

Kunu ya cika duk wani mazubi da muke da shi. Inna ta ce kada ɗigo ya kwana. Na ɗauki ƙwarya na shiga gidajen maƙwabtan da ko gaisawa ba mu yi sosai ba. Wata dattijuwa ta kurɓa, ta dube ni.

"Matar malamin gona, mi kunka sa ma wanga kunu? Sukari?"

"Ko ƙwaya, Hajiya."

"To gobe ki aiko min tsohuwar taku, ta koya ma ɗiyana. Nasu kamar ruwan wanki!"

Na yi dariya, amma kunnena na kan hanya.

Sai bayan la'asar muka ji babur. Ya shigo, wandonsa duk laka har gwiwa, galan na lilo a hannun babur. Na kai masa ruwa, na matsa kusa fiye da yadda na saba a gaban Inna. Ya gane. Ya huro mini iska a fuska.

"Sunsuna da kyau, uwargida. Albasa ce kawai."

Na zauna a ƙasa. Ya ce ya isa rumfar, har ya ji hayaniyarsu, har wani ya ɗaga masa ƙoƙo. Ya sa ƙafa ƙasa, amma bai kashe injin ba. "Na san in na tsaya ina gardama da raina, zai kayar da ni. Na ce, Ruhun Allah, ka ja ni. Sai na tuna wani manomi a Dalijan da tsutsa ta shiga geronsa, na yi masa alkawari. Na murɗa na wuce. A gonarsa na yini."

Ya juya wurin mahaifiyarsa. "Inna, ki yi haƙuri, ban samo ba."

Inna ta tashi. Ta cika ƙoƙo da kunu, ta riƙe masa da hannu biyu har ya shanye, hawaye na bin kuncinta.

Ba zan ce daga ranar sha'awa ta mutu ba. Ta sha dawo masa, kamar yadda irin tawa takan dawo mini. Amma na koyi cewa ba a cin ta da cije baki da zaman gadi. In ta kira ka, kada ka kashe injin. Ka kira Ruhun Allah, ka nufi inda wani ke jiran alherinka.