Tambayoyin da Na Mayar Gaisuwa

Shekarun baya, tun kafin yaƙin nan ya cika mana garinmu Gadarif na Sudan da baƙi, na kusa jawo wa 'yata kora daga kulliya, wato jami'a, ba ta ji ba, ba ta gani ba. Yau ina ba da labarin ina murmushi. A lokacin kuwa sati guda na yi ban ci abincin kirki ba.

Ita ce 'yar farina, don haka ko sunanta ba na kira. "Ke" nake cewa, ko in tambayi uwarta ina yarinyar nan. Ita ce kuma ta fara taka kulliya a duk danginmu. Ni karatuna na allo ne, na sauke, na yi 'yan littattafai, kuma duk abin da zan rubuta da Hausa da ajami nake rubuta shi. Idan ta baje takardunta a ƙarƙashin rumfa, nakan wuce in saci kallo. Yau tana rubuta wa kwamfuta umarni da wasu baƙaƙe masu kama da sawun kaji. Gobe tana lissafin wani kamfani da babu shi a duniya. Jibi an ce ta tsara yadda za a buɗe masana'antar man riɗi, ita da ko kwalba ɗaya ba ta taɓa sayarwa ba. Ban taɓa sa baki ba, don ban san ƙofar shiga ba.

Sai aka zo kan abin da ta je karantawa na ainihi, ilmin nafs, wato sanin halin da zuciyar mutum take ciki. Malamarsu, wata daktora, ta ba su aikin ƙarshen shekara. Kowa ya sami mutum ashirin masu sana'a iri ɗaya, ya yi musu tambayoyi goma sha biyu da ke kan takarda, ya sa alama a kan amsarsu. 'Yata ta zaɓi masu yankan riɗi, saboda ina da 'yar gona a wajen garin Doka, kuma lokacin yankan ne.

Uwarta ce ta fara tsayawa. "Ita za ta shiga cikin ƙarti a gona tana tambayarsu barcinsu? Malam, kana raye?"

Na ce ai abu mai sauƙi ne, a ba ni takardun. Na ji daɗi a raina, wallahi. Shekara biyu ina kallon karatun nan daga nesa, yau ga inda zan yi amfani. Yarinyar ta ce, "Baba, sai dai a karanta musu yadda take a rubuce." Na ce ni da na karantar da mutane Ishiriniya, takarda mai layi goma sha biyu ce za ta gagare ni?

Tambayoyin da Larabci suke. Na zauna na juya su Hausa da ajami a bayan kowace takarda, don mafi yawan masu yankan namu ne Hausawa. A nan na fara jin nauyi. Ta farko ta ce, a sati biyun da suka wuce, sau nawa damuwa ta hana ka barci. Wata ta ce, kana jin gajiyar da hutu ba ya kore ta. Wata ta ce, kana da wanda kake gaya wa abin da ke damunka. Ta ƙarshe kuwa, a'uzu billahi, wai ko ka taɓa jin rayuwarka ba ta da amfani.

Na isa gona da hantsi, na tarar sun zauna shan shayi a gindin bishiya. Akwai wani abokina a cikinsu, shekara talatin muna tare, kowace kaka shi yake tara mini ma'aikata. Na dubi fuskarsa, na dubi takarda. Yaya zan dubi dattijo mai furfura, a gaban mutane, in ce damuwa tana hana ka barci? Sai na ji bakina ya ce, "An kwana lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau, alhamdulillahi."

Na sa alama a kan "ko sau ɗaya".

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

Na sa alama. "Yaya iyali, ana zumunci?"

"Sai godiya."

Ta ƙarshe ban ma yi ta ba. Musulmi ne, na san amsarsa, na cike masa. Kafin azahar na gama mutum ashirin cif, har ina mamakin abin da ke sa 'yan kulliya kuka da wahala. Abokina ya ce, "Malam, yau gaisuwar taka da alƙalami ake yi?" Aka yi dariya, na hau lori na dawo gari ina jin kaina.

Da ta karɓi takardun ta duba na farko, ta duba na biyar, ta duba na goma. Na ga ta ɗago kamar za ta yi magana, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya saka da alheri, Baba." Kunya ce ta hana ta, ni kuma na ɗauka gamsuwa ce.

Bayan kwana huɗu ta dawo daga kulliya, ta wuce ɗaki ba ta ko cire takalmi ba. Uwarta ta bi ta, ta fito riƙe da wata takarda mai hatimi. Daktora ta zuba amsoshin a kwamfuta, kwamfuta ta ƙi yin lissafi, don mutum ashirin sun ba da amsa ɗaya sak, babu ko bambancin ɗigo. Daktora ta ce wannan a ɗaki aka zauna aka cike. Hukuncin ƙirƙirar amsa kuwa a wurinsu kora ce. Za a kai maganar gaban kwamiti, sai dai in waliyyinta yana da abin faɗa ranar Alhamis.

"Ta gaya musu ni ne?" na tambaya.

Uwarta ta ce, "Ta ce gara a kore ta da a kira ubanta maƙaryaci."

Na shiga sallar la'asar ban san raka'a nawa na yi ba, sai da na yi ƙabli da ba'adi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni a ganina ban yi ƙarya ba. Na tambaya, an amsa, na rubuta. Amma in haka ne, me ya sa gabana yake faɗuwa duk sanda na tuna tambaya ta ƙarshe?

Ranar Alhamis na sa farar jallabiyata, na naɗa rawani, muka hau rakasha, keken nan mai ƙafa uku, ni da ita har ƙofar kulliya. Ban taɓa shiga wurin ba. Matasa suna ta wucewa da jakunkuna, ni ina ta neman inda zan ajiye idona. Daktora ba ta kai ni shekaru ba, mace ce mai tabarau, ba ta da yawan fara'a. Ta juya takarda ɗaya, ta ga ajamina, ta yi ƙoƙarin karantawa, ta ga baƙaƙen nata ne amma maganar ba tata ba ce.

"Ya Hajj, wannan rubutunka ne?"

Na ce nawa ne, kuma ni na je gona, yarinyar nan ba ta taka ba. Na rantse mata mutum ashirin na gani da idona.

Ta ce, "To ɗauki takardar. Ni ce mai yankan riɗi. Tambaye ni yadda ka tambaye su."

Na gyara zama. Na ce mata da Larabci, "An kwana lafiya?"

Kafin ta yi tunani bakinta ya ce, "Alhamdulillah." Ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce, "Ya Hajj, mahaifiyata tana asibiti kwana tara, ban runtsa ba. Ga shi ka sa mini alama a kan lafiya lau."

Na ce, "Allah ya ba ta lafiya."

Ta ce amin. Sannan ta juya ga 'yata, muryarta ta koma ta aiki. Ba za ta kai kwamiti ba tukuna. Amma aikin ɗaliba ɗaliba ke yin sa. Sati ɗaya, mutum ashirin, ita da bakinta, yadda take a rubuce. In Alhamis ta zagayo babu ashirin, maganar za ta wuce gaban kwamiti. Ta dube ni ta ce, "Kai kuma rakiya ce taka. Da baki a rufe."

Sai da muka fito na tuna riɗi ba ya jira. Ana gama yanka a ɗaure shi, ma'aikata sun watse. Kwana nawa ya rage a gonata? Uku, in an yi sa'a.

Uwarta ba ta ƙara cewa komai game da ƙarti ba. Ita da kanta ta ɗaura mata abinci. Asabar da sassafe muna Doka. Na gaya wa abokina abin da ya faru, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wato gaisuwar ba ta ci jarrabawa ba! To yanzu likitar zuciya ka kawo mana? Ya jama'a, kowa ya wanke zuciyarsa!" Amma shi ya shimfiɗa mata buhu a inuwar tarakta, nesa da mutane, kuma shi ya fara zama.

Ni na koma gindin bishiya da carbina, inda nake ganinsu amma ba na ji. Na ɗauka minti biyu za su yi. Suka kai rabin sa'a. Can na ga abokina ya ja gefen rawaninsa ya goge ido. Mutumin da ko ranar da muka binne ƙaninsa ban ga hawayensa ba. Da ya taso ya wuce ta gabana ya ce, "Ƙaiƙayi ne, Malam, kar ka rubuta." Har yau ban san abin da ya gaya mata ba, ita kuma ba ta faɗa.

Aiki ya ƙi sauri. Wani ya ce shi ba ya gaya wa mace barcinsa. Wani ya fara, da aka zo tsakiya ya tashi ya koma bakin aiki. Ni kuma ina ƙirga takardu da 'ya'yan carbi, duk wadda ta cika in ja ɗaya. Ran Asabar bakwai. Lahadi biyar. Litinin muka shiga gonar maƙwabci muka sami huɗu. Talata uku, sai ga lori ya zo ya kwashe sauran zuwa Fashaga, ina tsaye ina kallon ƙurarsa. Laraba muka zaga gonaki huɗu, babu kowa sai ɗaurin riɗi a tsaye.

Goma sha tara.

Muka dawo gida bayan la'asar. Ba zan ɓoye muku ba, Shaiɗan ya zo mini. Takarda ɗaya ce fa, wa zai sani? Na kusa buɗe baki, sai na ga ta fito da ita, fara fat, ta tsaya daga bakin rumfa.

"Baba, kai ma ai kana yanka da hannunka."

Na ce ina yi.

"To saura ɗaya."

Na dubi uwarta ko za ta cece ni. Ta ɗauki tukunyarta ta shige madafa, har da jan labule. Na juya gadon igiyar da nake kai na fuskanci bango. Ita ta zauna a bayana a kan tabarma. Ta fara karantawa.

"A sati biyun da suka wuce, sau nawa damuwa ta hana ka barci?"

Alhamdulillahi ta zo mini har leɓe. Na faɗe ta a zuci, don gaskiya ce. Sannan na ce, "Kullum."

"Saboda maganar kulliya?"

"Wannan tana cikin takardar?"

"A'a."

"To bi layi."

Muka bi layi. Na gaya wa bango cewa gajiyata ta daɗe ba ta jin hutu. Na gaya masa nakan ji faɗuwar gaba ba dalili, tun shekarar da ruwa ya yanke mana ana tsakiyar damina. Da ta zo kan wanda nake gaya wa damuwata na ce Allah. Ta ce, a hankali, "Baba, takardar ta ce a cikin mutane." Na fara lissafa su. Abokina, limaminmu, uwarta, ƙannena. Kowa ina ƙaunarsa, kowa yana ƙaunata. Na ce, "Sa babu." Na daɗe ban ji alƙalami ya motsa ba. Ta ƙarshe kuwa, da ta karanta, na amsa mata da ƙarfi cewa ban taɓa ba, kuma wannan karon ni na amsa, ba cike mini aka yi ba.

Ta tattara takardunta ta tashi. Ban juyo ba sai da na ji kiran magariba.

Ranar Alhamis ta kai ashirin. Kwamfuta ta yi lissafinta, kwamiti bai zauna ba, ta ci darasin, bayan shekara biyu ta gama. Yanzu tana cikin masu zama da mutanen da suka gudo daga Khartum da Jazira, tana sauraronsu.

Na yi ta juya abin nan a raina. Gaisuwarmu ba ƙarya ba ce, sutura ce, kuma ba zan daina ta ba. Laifina shi ne na ɗauki sutura na kai wa mai neman ganin ciwo, na kuma rantse mata babu ciwo. Abin da har yanzu yake sa gabana faɗuwa shi ne, a wani kabad na kulliyar nan akwai wata takarda marar suna da ta san abin da mutanen da muke sahu ɗaya da su shekara talatin ba su sani ba. Wata rana nakan roƙi Allah gara ta cinye ta. Wata rana kuma nakan ce a bar ta, ko ba komai akwai wuri ɗaya a garin nan da aka tambaye ni na amsa.