Rudun Bakin Hanya

Mahaifina mutum ne da albasa ba ta ruɓe masa. Haka aka san shi tun daga ƙauyenmu har kasuwar Bangi, kuma da wannan suna ya rayu. Gonarsa ba wata babba ba ce, ko amalanke sai ya ara. Amma in mutum zai ɗaura rudu, wato rumfar kara da ake ɗagawa bisa itace a ajiye albasa har damina ta yi nisa, sai ya aiko a kira Baba ya duba ta inda iska za ta shiga.

Sai ga ni, ɗiyarsa ta fari, na dawo daga jami'a da kwali cike da ƴan na'urori, kowace ba ta fi akwatin ashana ba, ina neman ruɓa ido rufe.

Ga yadda aikin yake. Na'urar tana auna zafi da laima da warin da albasa ke fitarwa tun hanci bai ji ba, ta aika ta rezon waya zuwa ordinatarmu, wato kwamfuta, a labo, ɗakin bincike na jami'a. A can akwai manhajar ƙirƙirarriyar basira, wadda ba a karanta mata doka, sai dai a nuna mata misali ta koya. In ta ga yadda ruɓa ke somawa da yadda take ci har ta gama, gobe za ta iya aika wa manomi saƙo a salula tun da sauran gyara. Na yarda da aikin nan tun ranar farko, kuma har yau ban canja ba.

Baba da wasu maƙwabta suka amince kowa ya ba ni rudu guda, kada a taɓa shi, abin da ya lalace jami'a ta maida. Na rataya na'urorina na koma birni ina jiran ruɓa.

Ina! Layin wari ya fara hawa a allon ordinatar, in fara murna, washegari ya faɗo ƙasa tsaf. Malamin da ke duba aikina ya ce na'urorin ne ba su da lafiya. Muka sauya su, bai sake zane ba. Ranar nan ya cire tabarau ya dube ni ya ce, “Wai albasar garinku ba ta ruɓa ne?”

Juma'a na shiga mota na tafi gida ban gaya wa kowa ba. Da safe na zaga garka, sai ga ƙafafun Baba sun leƙo daga bakin rudun da muka yi da shi ba a taɓawa, ga buhu a gefe ya kai rabi.

“Baba! Mi kake yi nan ciki?”

Ya fito da baya, albasa biyu masu laushi a hannu, ko kunya babu. “Mi kinka gani ina yi? Tsinta nike.”

“Ba mun yi da ku ba a taɓa wanga rudu ba?”

“Mun yi. To amma ke da bakinki kinka ce abin ga naki shina kai labari har birni. Manyan malamai su zamna su ga albasar gidana ta ruɓe? Ina da rai?”

Ashe ba shi kaɗai ba ne. Gida gida ya bi ya gaya wa sauran cewa baƙi na kallo, kada wanda ya kunyata gari. Kowace safiya dattawan nan suna can suna share mini aikina, su a ganinsu karamci suke yi.

Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni ma ba sanyi gare ni ba, kuma an san inda na gado shi. Amma na durƙusa na sassauta murya. Na ce, “Baba, kai ya anka yi kake sanin albasar da za ta ruɓe tun tana da kyawunta?”

Ya ce shi tun yana saurayi ya ga rudun mahaifinsa ya narke a wata damina mai ruwa, shi ya kwashe shi da hannunsa, warin bai bar masa hanci ba har yau.

Na ce, “To ita manhajar tawa ba ta taɓa gani ba.”

Na ce a ba ni rudun can na bayan garka, nesa da mutane, ba mai ji ba mai gani. Ya ɗauki buhunsa ya tafi. Sai da zan koma ya kira ni zaure.

“Ba na baya za ki ɗauka ba. In anka ji wari bayan gari, cewa za a yi na daɗe ina ɓoyo. Ɗauki na bakin hanya, in za ta ruɓe ta ruɓe gaban kowa.”

Ta kuwa ruɓe. Da ruwa ya sauka sosai, baƙin ruwa ya fara ɗiga ta ƙarƙashin karan, ƙudaje suka yi sansani. Mata masu zuwa rijiya suna toshe hanci da bakin mayafi. Inna ta daina bin hanyar ɗungum. Shi kuwa Baba kullum da safe sai ya shimfiɗa tabarma gindin itacen bedin da ke kusa ya zauna, wai kada a tambayi wani, a tambaye shi. Wani taubashinsa in zai wuce bisa jaki sai ya ɗaga murya: “Sarkin albasa, turare kake saidawa bana?” Baba ya ce, “Karatu ake yi ciki. Wuce, ba ajinku ba ne.”

Baki yana raha, amma na ga hannayensa. Ya kan tashi ya je bakin rudun ya tsaya, ya maida su baya ya riƙe ɗaya da ɗaya gam. Tausayinsa ya kama ni har na kasa cin tuwo, amma ban ce a daina ba.

Manhaja ta samu abin da take nema. Da shekara ta zagayo, saƙo ya riƙa isa salular manoma kwanaki kafin hanci ya ji komai, su buɗe su tsince kaɗan, saura ta tsira. Har taubashin nan sai da ya zo neman a rataya masa tasa na'urar. Yanzu ƙauyuka da dama wajen Madawa da Buza suna aiki da ita, kuma in an tambaye ni ina faɗi da ƙarfi cewa aikinmu ne, ya yi kyau.

A shekarar da saƙon ya fara isa ne na raka Baba kasuwa da albasarsa. Akwai wani ɗan kasuwa da ya daɗe yana saye gare shi, kullum sai dai ya sa yaransa su ɗora buhunan a mota yadda suke a ɗinke. Ranar ya gaisa da Baba da fara'a, ya tambayi gida. Sannan ya zaro wuƙa ya yanke zaren buhun farko, ashe labarin rudun bakin hanya ya kai kasuwa.

Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya ɗaga mini hannu.

“Riƙa mashi bakin buhun,” ya ce. “Kai kuma zazzage duka, har ƙasa.”

Na riƙe, aka zazzage. Mutumin ya tsuguna yana latsa su ɗaya bayan ɗaya, bai samu ko guda mai laushi ba. Ya ce madalla, ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya matsa ga buhu na biyu ya yanke shi ma.

Har yau in Baba ya kai albasa kasuwa sai an kwance buhunsa.