Farfesa da Kwaɗin Ushafa

Farfesa Lawal ya rasu ranar Talata. Ni ne direbansa, tun da ya ɗauko ni daga sansanin 'yan gudun hijira na Kuchigoro bayan an ƙone garinmu. Kun san shi. Kun san motarsa ba ta wuce kwaɗo.

Da kwaɗo ya hau titi sai ya daka min tsawa: "Birki, Bukar! Ɗan gari zai wuce!" Wai su ne 'yan asalin Abuja, mu duk baƙi ne. A Mararaba ya taɓa tsayar da ni saboda ƙadangare. A Mararaba fa! Wani ɗan acaba ya leƙo ya ce, "Oga, hauka kake?" Ya ce, "Har da digiri uku, yaro."

Wata rana na kai masa buhu cikin aji a jami'a. Ya zaro maciji ya ce wa ɗalibai, "Kar kowa ya motsa, wannan ba shi da dafi." Da ya ɗago kai, ni kaɗai na rage. Ni ma don ƙofa ta cushe ne.

Sai masu gina gidaje suka zo cike kududdufin Ushafa, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana nazarin kwaɗi. Ya dasa kujerar roba a tsakiyar ruwa, ya zauna da babbar riga. Direban tifa ya ce, "Baba, fito mana!" Ya ce, "Ka yi sallama da masu gida?"

Bai yi nasara ba. Muka kwashe kwaɗin a kulolin abincin Hajiya, matarsa, ranar kuwa ana suna a gidan. Kula ɗaya ta shiga cikin na shinkafa. Hajiya ta buɗe a gaban baƙi. Salati! Mata har kan kujeru. Shi kuwa cewa yake, "A hankali, Hajiya, mai ƙwai ce!"

Na ce, "Oga, duk wannan don kwaɗo?" Ya dube ni ya ce, "Bukar, kai ma tambaya kake? Ai ka san yadda ake tashin mutum daga gidansa." Ban sake tambaya ba.

Allah ya jiƙan Farfesa, ya ba shi gidan da babu mai tashinsa.

Ramin da muka haƙa wa kwaɗin a bayan gidansa yana nan, sun hayayyafa. Hajiya ta hana a cike shi. Ina bakinsa yanzu, ni nake zuba musu ruwa da rani.