Da Sauƙi a Akwati na Biyar

Ina shekara ta biyu a matsayin ƙaramar malama a jami'a aka saka ni cikin wani bincike kan bambancin kulawar da wani babban asibitin Sakkwato ke yi wa talaka da mai hali, da kurakuran da ake tafkawa a kan marasa lafiya. Jagoranmu wani farfesa ne, ɗan gidan malamai na cikin gari, wanda ya yi karatu a Turai ya dawo da wani ɗan tari da yake yi kafin ya faɗi abin da kowa ya sani. Ni aka ba yawon gidaje, tunda ni mace ce, ana barina in shiga har tsakar gida. Shi kuwa aikinsa zama a ofis cikin sanyin na'ura, yana kiran abin da na kwaso da ƙafata "bayanaina".

Takardar tambayoyin da Turanci abokan aikinmu na waje suka aiko ta, Farfesa ya mayar da ita Hausa da kansa a yini ɗaya, ya kuma tabbatar kowa ya ji cewa a yini ɗaya ne. Babbar tambayar ita ce, yaya jikin mara lafiya tun bayan zuwansa asibiti? A ƙarƙashinta akwai 'yan akwatuna biyar. Na farko, ya tsananta. Na biyar, ya samu sauƙi. Sai in ja layi a ɗaya daga cikinsu.

To, duk wanda ya taɓa zuwa dubiya a Sakkwato ya san amsar da ake bayarwa. Mutum na kwance ba ya gane mai shigowa, ka tambayi jiki, a ce maka da sauƙi. Kakata ma da sauƙi aka yi ta ce mana har ranar da aka kai ta makwancinta. Gaisuwa ce kawai. Labarin gaskiya sai ka zauna, ka sha ruwa, ka tambayi yara da hidima, in an ga kana da kunne sannan a ba ka. Tun makon farko na faɗa wa Farfesa haka. Ya yi tarin nan nasa, ya ce ba a taɓa takarda bayan kwamiti ya sa mata hannu, abin da mutum ya furta shi ake rubutawa. Mutumin da aka yanke wa cibiya a garin nan, wai sai an koya masa ma'anar da sauƙi.

Haka na yi ta hawa keke napep daga Runjin Sambo zuwa Ƙofar Atiku, ina jan layi a akwati na biyar. Su kuwa manyan ma'aikata na wajen Sama Road sun san takarda, sun san ana iya kai ƙara. Da na buɗe baki sai su jero mini koke: likita ya makara, banɗaki ba ruwa, nas ta yi musu kallon banza. Su ne suka cika mini akwati na ɗaya da na biyu. Kafin wata uku kwamfutar Farfesa ta gano masa cewa talakan Sakkwato ya fi mai kuɗi jin daɗin asibiti. Ranar har lemo ya aika aka sayo mana.

A Ƙofar Atiku na haɗu da wata dattijuwa, matar wani baduku mai ɗinkin fata. Mijin na zaune a tabarma an jingina shi da bango, idonsa a buɗe, miyau na bin gemunsa. Na tambayi jiki, ta ce da sauƙi, na ja layi. Na kashe rikoda na sa a jaka, ta kawo mini ruwa a kofin silba. Ban tashi ba. Na ce, "Inna, mi yas same shi?"

Ta miƙe tsaye. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da wata ledar magani a ƙulle cikin gefen tsohon zane.

"Hawan jini gare shi, ɗiyata, shi yak kai mu asibiti. Wanga magani anka ba shi. Kwana huɗu shina sha, shina zuhwa, shina makyarkyata, har yah hwaɗi bakin rumhwa tai. Da munka koma, wata nas ta dubi leda tac ce wanga na mai ciwon suga na, ba nai ba na. Sunansu guda da wani, sunan ubansu guda, anka ɗauko katin wancan. Tac ce in yi haƙuri."

Sunan mijin irin wanda in ka kira shi a kasuwa mutum goma za su waiwayo ne. Ban yi mamaki ba, kuma rashin mamakin ya fi komai ba ni haushi.

Ba diyya ta roƙa ba, ba ta ma san ana roƙa ba. Ta ce, "Ni dai wancan bawan Allah nike tunani, mai suga. In an ba maigidana nashi, shi mi anka ba shi? Ku da ke zama da manya, ki hwaɗa musu su raba katunnan ga, kar a sake yi ma wani. Kin jiya?" Na ce na ji, na ce wallahi zan kai.

Washegari na shiga ofishin Farfesa da shafi biyu da na rubuta da hannu. Ya karanta layin farko ya ajiye, ya tambaye ni ko rikoda na kunne lokacin da ta faɗa. Na ce a'a.

"To babu shi ke nan, Malama. Mi tac ce a takarda?"

"Ranka shi daɗe, da sauƙi tac ce. Amma mutumin ko cokali ba ya iya riƙewa."

"Labarin mutum guda ba ilimi ba na. Ke ba 'yar jarida ba ta. Kuma shugaban asibitin nan shi yab ba mu izini, shi za mu koma ma zagaye na biyu."

Ya miƙo mini takardata da yatsu biyu, yadda ake miƙa tsumman goge tebur. A ƙofar ofishinsa an rubuta kare lafiyar majiyyata da manyan baƙaƙe, kuma ban taɓa raina wani rubutu kamar yadda na raina wannan a ranar ba.

An yi taron gabatar da sakamako a zauren wani otal. Farfesa ya sha babbar riga, ya yi sa'a guda yana bayanin haƙurin talakanmu da godiyarsa ga Allah, ya ce darasi ne ga duniya. Abokan aikinmu na waje suna bin taron ta intanet, ga su a cikin allo suna gyaɗa kai, an burge su. Likitoci da malaman da ke zauren, kowannensu ya san da sauƙi tun yana goye, suka tafa, suka karɓi shinkafa da kaza a roba suka watse. Ko mutum ɗaya bai ɗaga hannu ba.

Ni ma ban ɗaga ba, kuma gara in faɗa da bakina. Asibitin nan ba nisa gare shi ba. Na rubuta wa shugabansa wasiƙa, na sa a ambulan, na ma rubuta adireshi. Sai na tuna takardun ƙarin girmana ta teburin Farfesa za su bi. Na ce bari in jira a wuce wannan, sannan na ce bari a buga muƙalar binciken. An buga, sunana na huɗu a jeri, na yi kwafi uku na kai ofishin rajista da hannuna. Wasiƙar tana cikin aljihun teburina, ƙarƙashin tsofaffin takardun jarrabawa.

Bayan kusan shekara wata ɗaliba 'yar unguwar ta gaya mini badukun ya rasu. Na ɗauki mayafi na tafi gaisuwa, ina fatan taron mata zai ɓoye ni. Dattijuwar ta hango ni tun daga ƙofa. Ta sa aka matsa mini wuri kusa da ita, ta kama hannuna.

"Kin kai ma manya, ɗiyata?"

Na ce, "Na kai, Inna."

Ta juya ga matan da ke zaune ta ce, "Kun gan ta nan, ita ta tak kai kukanmu. Yanzu ba a sake yi ma kowa." Ta ɗaga hannu ta yi ta sa mini albarka, ni da iyayena da 'ya'yan da ban haifa ba tukuna, mata suna amsawa. Na shafa tare da su, na ce amin.