Bakaniken da Ya Kwanta a Makara

Duk mai bi ta bayan masallacinmu na Sabo da hantsi ya san Malam Mijinyawa bakanike. Kafin ya taɓa motar kowa, sai ya tayar da wata ƙaramar jif mai ruwan toka, ya kafa kunne a jikinta kamar mai sauraron numfashin marar lafiya. Masu wucewa zuwa unguwar Mokola kan rage murya, wasu har su tsallaka titi. Jif ɗin kai gawa ce ta unguwa, kuma kowa ya san wata rana da shi za ta tafi.

Da can ba ta da wani ƙarfin kirki, hanyar makabarta kuwa idan damina ta zauna, daga taɓo sai hawa. Ranar da aka ɗauki Gwadabe mai goro, jif ta kafe a tsakiyar hanya, ruwa na dukan likkafani. Maza suka ɗauki makara a ka suna zamewa, saura ƙiris ta suɓuce musu. Mijinyawa na cikinsu.

Ba a daɗe ba sai ga shi da injin wata babbar mota daga wurin 'yan gwangwan. Motar ta yi haɗari a hanyar Oyo, ba wanda ya fita da rai, amma injin ko ƙwarzane babu. Nan da nan unguwa ta ɗauka. Haladu, direban jif ɗin, ya ce, "Baba, abeg, don Allah, injin da ya sha jini za ka sa mana? Ina da iyali fa!"

"Ƙarfe ba ya cin mutum, Haladu, garaje ke ci," in ji Mijinyawa. "Don ta ja na kawo shi, ba don ta yi gudu ba."

Ya yanka, ya yi walda, ya canza birki da lagireto, ya ɗaure totur yadda ko an taka da fushi ba za ta zabura ba.

Ranar gwaji da idona na gani, kuma har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ya sa aka ɗora makara, ya tuɓe takalmi, ya hau ya miƙe, ya ce a lulluɓe shi. Matarsa Ashatu ta yi salati ta ce, "Malam, wannan wane irin kiran ajali ne?"

Daga ƙarƙashin mayafi muka ji muryarsa: "Mai rai in an jijjiga shi zai yi ƙorafi. Wanda za a kwantar a nan ba shi da bakin faɗa. Haladu, ja mu je."

Suka je suka dawo. Ya sauko ya ce karkarwar injin na shiga masa har haƙarƙari. Ya ƙara roba a ƙarƙashin inji, ya sassauta sifirin, ya sake kwanciya. A tafiyar ƙarshe Haladu ya kira shi bayan sun haye tudu, shiru. Ya sake kira, shiru. A ƙofar makabarta ya yaye mayafin, sai ya tarar barci ne ya kwashe tsohon. Mijinyawa ya buɗe ido ya ce, "To, yanzu ta yi."

Malam Mijinyawa, kai ne ka ji a jikinka ciwon da matattunmu ba za su iya faɗa ba. Bara da damina jif ɗin nan ta ɗauki mahaifiyata. Ina zaune a gefenta cikin ruwan sama, hannuna a kan makara, muka ratsa taɓon nan, makarar ko motsi ba ta yi ba. A nan na yi kuka, kuma rabin kukan na godiya ne.

Yanzu ido ya yi rauni, ya ajiye sifana. Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Masu sana'a, ku yi koyi da shi, ku gyara aikin wanda ba zai taɓa dawowa ya ce muku an gode ba.

Ranar da ya miƙa wa Haladu makulli abu ɗaya ya roƙa: "Ka riƙa tayar da ita kullum. Ba na so ran da za ta ɗauke ni ta tsaya da ni a hanya."